Dan Allah wa ya iya haɗa wa kare ɗan abin motsa baki da kayan lambu a gida?

Abu_Khalil_KD

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Tambaya ce da ni ga masu kiwon karnuka da likitocin dabbobi in akwai su a nan. Karnukan gadi biyu ne da ni a gida nan Kaduna, babban irin namu ne na gida, ƙaramin kuma ruwa biyu ne bai fi wata biyar ba, to yaron da yake taya ni horar da su ya ce dole sai an samu ɗan abin da za a riƙa ba su nan take in sun yi abin da aka ce, zauna, kwanta, zo nan, bari, da sauransu, wai da haka suke saurin ɗauka ba da duka ba. Na leƙa shagon da ake sai da kayan dabbobi na ga biskit ɗin kare na ƙasar waje, wallahi 'yar ƙaramar leda kuɗinta ya yi cefanen gida, kuma a yadda yaron nan yake ba su ba za ta yi sati ba.

Shi ne nake tunani tunda yanzu lokacin kayan lambu ne, karas ga shi nan a baro ko'ina, dankalin Hausa da kabewa ma da sauƙi, shin za a iya haɗa musu wani abu da su a gida? Ɗanye ake ba su ko dafaffe? Kuma ya ake yi ya daɗe bai lalace ba, don ba mu da obin kuma wuta ba tsayawa take ba balle a dogara da firij. Allah ya saka da alheri.

Maman_Biyu_Jos

Wa alaikumus salam Abu Khalil. Ana yi mana, ni abin da nake wa namu ke nan, kuma dankalin Hausa ya fi komai sauƙi da auki. Nan Farin Gada nake sayo shi, ka zaɓi manya waɗanda ba su da huji ko baƙin tabo, a wanke tas, ba sai an fere ba, a yanka shi a tsaye dogo-dogo kaurinsa kamar rabin yatsa, kar a yi shi siriri irin na suya don in ya bushe karyewa zai yi ya zama gari. Sai a zuba a tafasasshen ruwa ba gishiri ba komai, ya ɗan dahu amma kar ya luguiguice, yadda cokali mai yatsu zai shiga amma yankan bai rabe ba, a tsame a baza a faifai ko babban tire ɗaya-ɗaya kar su hau juna, a rufa da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura, a kai rana. Yanzu da hunturu kwana biyu zuwa uku ya isa, ana juya shi da rana tsaka, da yamma a shigo da shi ɗaki kar raɓa ta sauka a kai. Za ka ga ya motse launinsa ya ƙara duhu, in ka lanƙwasa yana lanƙwasuwa kamar ganda bai karye ba, to ya yi ke nan. Ƙaramin naka da yake canjin haƙori yanzu zai ji daɗinsa sosai, ya samu abin gwaigwaya ya ƙyale muku takalma.

In biskit kake so wanda za ka zuba a aljihu lokacin horo, ga na kabewa. Dafaffiyar kabewa gwangwanin madara ɗaya, a tsane ruwan sosai a dame ta da muciya ta yi laushi, ƙwai ɗaya, fulawa ko garin shinkafa gwangwani biyu, in kana da karas ka goga ɗaya da abin goga kuɓewa ka zuba, a kwaɓa ya yi tauri yadda ba ya kama hannu, a murza da kwalba ya yi faɗi, a yanka ƙanana da wuƙa. Ba sukari, ba gishiri, ba bota, ba bakin foda. Batun obin kuma ka ce wa madam ta yi yadda ake gashin kek a tukunya, yashi a ƙasa a bari ya yi zafi, a ɗora faranti a kan 'yan duwatsu, a rufe, wuta kaɗan-kaɗan wajen minti 25 zuwa 30, in an sauke a bar shi a buɗe ya huce ya ƙara bushewa kafin a zuba a kwalba. Mai obin kuma zafin digiri 180 na Selsiyas zai sa.

TsohonMafarauci

Ikon Allah, zamani. Yaro ni dai a sanina kare nama ya sani da ƙashi, karnukan da muke fita farauta da su da rani tuwon dawa ne da ɗan nono in an samu, in an yi kamu a ba su kayan ciki, kuma su wuni suna gudu a daji ba gajiya. Karas ai na zomo ne da akuya. In lada kake son ba shi ka yanko masa 'yar hanta ka gani in bai bi ka har bangon duniya ba. Amma abu ɗaya zan gaya maka, ka ware musu kwanonsu daban kar ya haɗu da na gida, kuma kar ruwan sha ya yanke a gabansu, dabba amana ce za a tambaye ka.

Dakta_Zariya

Abu Khalil abin da Maman Biyu ta faɗa daidai ne, ka bi shi yadda ta tsara. Baba mafarauci ranka ya daɗe, maganarka ta hanta gaskiya ce, babu abin da ke jan hankalin kare irin ƙamshin nama, kuma ai tuwon dawar da ka ambata shi kansa shaida ne cewa cikin kare yana narka abin da ba nama ba, akwai binciken da masana a Suwidin suka fitar a 2013 da ya nuna kare ya sha bamban da kyarkeci wajen iya narka sitaci saboda daɗewar da ya yi yana cin ragowar abincin mutane. Sai dai kayan lambun nan ba su ne abincinsa ba, lada ne kawai, ƙa'idar da muke ba mutane ita ce duk wani abin motsa baki kar ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da yake ci a yini, sauran dole a samu nama ko kifi ko ƙwai a ciki, musamman ƙaramin nan da yake kan girma.

Ni abin da ya fi damuna ma ba karas da kabewa ba ne, tukunyar gidanmu ce. Yawancin karnukan da ake kiwo a gidajenmu ragowar abinci ake juye musu, kuma wace miya ce tamu babu albasa? Albasa guba ce ga kare, ɗanya ko soyayya ko dafaffa ko busasshiya duk ɗaya, wuta ba ta kashe abin da ke cikinta, jajayen ƙwayoyin jininsa take fasawa. Albasa mai nauyin giram 100, wato matsakaiciya guda ɗaya, ta isa ta illata kare mai kilo 20, kuma kaɗan-kaɗan ɗin da yake samu kullum a miya shi ma taruwa yake. Matsalar ba a ranar ake gani ba, sai bayan 'yan kwanaki ka ga kare ya yi laushi ba ya son tashi, yana haki ba gudu ya yi ba, in ka ɗaga leɓensa dasashin da ya kamata ya zama ja-ja ya koma fari, fitsarinsa ya yi ja ko ruwan ƙasa, a lokacin mai gida ya manta da shinkafa da miyar da aka juye masa, sai a ce ai sammu ne ko maƙwabci ya sa masa guba. Tafarnuwa kuwa ta fi albasa ƙarfi, don haka masu cewa a ba kare tafarnuwa wai tana kashe tsutsar ciki ko tana korar kaska dan Allah a daina, akwai maganin tsutsa na gaskiya kuma ba tsada.

Sai goro, wannan mutane da yawa ba sa kawo shi a rai, yana da sinadarin kafin (caffeine) da kuma tiyobiromin, sinadarin nan da ya sa cakulan ke kashe karnuka, jikinsu ba ya fitar da shi da wuri sai zuciya ta kama bugu da sauri jiki na rawa. Inabi da zabibi suna lalata ƙoda ko da kaɗan ne. Ɗanyen rogo a'a. Dankalin Turawa da ya yi kore ko ya fara tsiro a'a, haka ɗanyen tumatir kore da ganyensa. Masara in an gasa ko an dafa a ɓanɓare masa ƙwayar, kar a jefa masa da totuwa, haɗiye ta yake ta je ta toshe hanji sai an yi tiyata. Dafaffen ƙashin kaza tsagewa yake ya yi tsini. Cingam ɗin da aka rubuta babu sukari shi ma a nisanta shi, galibi akwai wani abin zaƙi da ake kira zailitol a ciki, yana faɗar da sukarin jinin kare cikin ɗan lokaci.

Waɗanda ba matsala: karas ɗanye ko dafaffe, kokwamba, koren wake, kabewa dafaffa, dankalin Hausa dafaffe, kankana in an cire 'ya'yan da ɓawon. Kabeji kaɗan don yana kumbura ciki. Ka fara da abu ɗaya ka duba kashinsa washegari, in ya yi ruwa ka rage.

Abu_Khalil_KD

Kai, Allah ya saka da alheri Maman Biyu, Baba na gode da nasiha Allah ya ƙara girma, kwanonsu daban yake tun farko. Dakta wannan bayani na albasa zan karanta wa mutanen gida gaba ɗaya har yara. To ƙuli-ƙuli fa, don shi yana da arha kuma ba ya lalacewa a aljihu, sannan ragowar tsire ko kilishi in an kakkaɓe yajin? Kuma babban na gwada miƙa masa karas ɗazu ya shinshina ya juya kai.

Dakta_Zariya

Ƙuli-ƙuli ban ba ka shawara ba. Gyaɗar kanta ba guba ba ce, amma na kasuwa akwai gishiri wani har da yaji da sukari, ga mai, sannan babban abin tsoron gyaɗar da aka ajiye ta yi fumfuna, tana ɗauke da wata guba da ake kira afalatoksin, kuma hantar kare ba ta jure masa ko kaɗan, ido kuma ba ya ganewa bayan an soya. In gyaɗa kake so ka saka don ƙamshi ka zaɓi mai kyau da hannunka, a soya a markaɗa a gida, cokali ɗaya a cikin kwaɓin Maman Biyu ya isa. Tsire da kilishi kuma yajin ya riga ya shiga naman, ga dunƙule ga gishiri ga tafarnuwa, kakkaɓewa ba ta fitar da su.

Babban da ya ƙi karas ba abin mamaki ba ne, bai saba ba, a nan dabarar Baba za ta yi aiki. Ka dafa hanta ko kan kifi a ruwa zalla, ka tafasa karas ɗin ko dankalin a cikin wannan romon, ko ka daka 'yar hantar a cikin kwaɓin biskit, zai karɓa. Hantar dai kar ta yi yawa don bitamin A ɗinta yana da ƙarfi, in ya taru a jiki yana taɓa ƙashi da gaɓoɓi. Wajen horo kuma girman ƙwayar gyaɗa ya isa kowane bayarwa, a ba shi a daidai lokacin da ɗuwawunsa ya taɓa ƙasa ba bayan ya miƙe ba, in ba haka ba miƙewar zai ɗauka aka biya shi. Ƙaramin kuma kar a ba shi karas yankan ƙwandala, yana iya maƙale masa a wuya, ko dai a ba shi babba guda ya yi ta gwaigwaya kana kallo ko a yanka siri-siri.

Tunda yanzu hannunku zai riƙa zuwa bakinsu kullum har da yara, ina fata an yi musu allurar haukan kare. Daga wata uku ake fara ta kuma ana sabuntawa duk shekara, cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos da aka kafa tun 1924 tana haɗa ta a nan gida, asibitocin dabbobi na gwamnati kuma suna yi wa karnuka. Yara su riƙa miƙawa a tafin hannu a buɗe, ba da kan yatsu ba.

Maman_Biyu_Jos

Na manta batun ajiya da ka tambaya. Busasshen dankalin in ya bushe sosai yana yin sati biyu a kwalba mai murfi ko fiye yanzu da iska take a bushe, amma kar ka ƙulle shi a leda, gumi yake yi. Biskit ɗin tunda akwai ƙwai da kabewa ni ba na bari ya wuce kwana huɗu ko biyar a waje, shi ya sa nake yin rabin kwaɓi. Da damina kuwa shanya ba ta yiwuwa, kafin ya bushe ya yi fumfuna, sai dai ka busar a tukunyar yashin da wuta can ƙasa wajen awa uku kana juyawa, ka yi na kwana biyu kawai. Duk wanda ka ga farin gashi-gashi a jikinsa ko ya canza wari ka zubar da kwalbar gaba ɗaya a inda ba za su tono ba, kar ka ce za ka kankare.