Kankanata na fure amma ba ta riƙe ƴaƴa

Mai garka a Garin Malam:
Assalamu alaikum. Ina da ƴar garka bayan gida a nan Damagaram, fangali huɗu na kankana. Kowa ya san halin ruwa a garin nan. In pampo ya ɗauke, jarka-jarka nake saye wajen ƴan ga-ruwa. Yaɗo ya yi kyau, ganye shar, fure ko'ina. Amma sai ɗan ƙullin ya fito kamar ɗan magarya, kwana uku ya yi rawaya, ya yanƙwane, ya faɗi. Jiya na tsinci 11 a ƙasa, wallahi raina ya ɓaci. Taki na sa, kuma duk mako ina feshin maganin ƙwari da sassafe. Ina kuskuren yake?

Dattijo daga Miriya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, yaushe rabonka da ganin ƙudan zuma a garkar nan? Kankana fure biyu gare ta, namiji da mace, a yaɗo ɗaya. Macen ita ce mai ɗan ƙulli a gindi, namijin siririn kara kawai gare shi, kuma mazan sun fi yawa nesa ba kusa ba. In ba a kai wa macen garin nan rawaya na cikin namijin ba, ƙullin ba zai zauna ba. Zuma ce ke wannan aikin, da safe take yin sa, kai kuma daidai lokacin kake feshi. Furen macen yini ɗaya yake buɗewa, kafin la'asar ya rufe, shi ke nan.

Gobe tun hantsi bai yi ba ka tsinki namiji sabon buɗewa, ka cire ganyayyakin furen, ka goga tsakiyarsa a tsakiyar macen a hankali, ko'ina ya samu. In gefe ɗaya kaɗai ya samu, kankanar karkatacciya za ta fito. Haka ake yi wa kabewa. Masu dabino a Gidimuni ma da hannu suke yi wa nasu barbara. Feshin kuwa, in ya zama dole, bari sai magariba.

Uwargida daga Birni:
Gaskiya Baba ya faɗa. Ni abin da ya dawo mini da zuma tsakar gida ɗoɗɗoya ce. Na bar ta ta yi fure ban yanke ba, da zogale biyu jikin katanga. Da damina ka watsa riɗi da yakuwa a gefen fangali. In magarya ta tsiro maka kar ka sare, furenta bai da kyan gani amma zuma na son sa ƙwarai. Sai ruwa: kasko ɗaya a inuwa, ka zuba tsakuwa ciki don su samu wurin sauka kar su nutse. Cikin zafin Afrilu da Mayu, da zafin rana ke wuce digiri 40, za ka ga yadda suke taruwa a kai.

Mai garka a Garin Malam:
Baba, Allah ya saka da alheri. Da na zauna na tuna, tun da na fara feshin nan ban ƙara jin kukan zuma a garkar ba, ban ma lura ba. Yau bayan asuba na jira gari ya waye, na samu mata shida a buɗe, na yi musu yadda ka ce, na ɗaura wa kowace ɗan tsumma ja don in gane su. Hajiya, na ajiye kaskon ƙarƙashin bedi. Irin ɗoɗɗoyar fa, a kasuwar Dole ake samu ko reshe zan nema in dasa?