Musun Jordan da LeBron: a majalisarku ya ake ƙarewa?

Ɗan Fagge: Jama'a, a majalisarmu ta 'yan ƙwallon kwando maganar wa ya fi wani tsakanin Michael Jordan da LeBron James, taurarin gasar NBA ta Amurka, ta kusa raba zumunci. Ina so in ji daga waɗanda suka kalli mutanen nan da idonsu. Wa ka gani, kuma a ina?

Kawun Samaru: Ni a kaset na san Jordan. Wani ɗan ajinmu a Zariya yayansa ke aiko masa daga Amurka, wasan ya kai wata biyu da yi kafin ya iso mana, mun riga mun san wanda ya ci, amma haka za mu cika ɗaki har bakin taga. Sau 6 ya kai Chicago Bulls wasan ƙarshe tsakanin 1991 da 1998, sau 6 ya ɗauki kofi. Kuma a lokacin mai tsaro na iya dafa ka da hannu yana tura ka, alƙali bai ce uffan ba. Sai a 2004 aka tsaurara hana wannan. Yaran yanzu iska ta taɓa su sai busa.

Ɗan Fagge: Kawu, da girman kujerarka, in kofi ake ƙirgawa ai Bill Russell na Boston yana da 11.

Kawun Samaru: Ƙungiyoyi 8 ne a gasar sa'ad da ya fara, ɗana. Bar wannan.

Autan Hajiya: Ni dai 2016 ba zan manta ba. Azumi ne, wasa na bakwai a zagayen ƙarshe ya faɗo cikin dare, aka ɗauke wuta, muka haɗa kuɗin mai muka tada janareta. Golden State sun ci wasa 73 a kakar, suna gaban Cleveland, ƙungiyar LeBron a lokacin, 3 da 1, LeBron ya juya abin. Lokacin da ya biyo Iguodala, ɗan wasan Golden State, a guje ta baya ya manna ƙwallon a jikin allo, ihun da muka yi sai da mahaifina ya fito da tocila. Da ƙyar muka samu sahur. Mutumin da ya ɗauki kofi da ƙungiyoyi uku, ya wuce maki 38,387 na Kareem Abdul-Jabbar, wanda a da ya fi kowa maki a gasar, a 2023, a ce wai bai kai ba?

Maman Ihsan: Kun cika ni da mamaki. Ana wannan zance ba wanda ya ambaci Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas. A zaɓen 'yan wasa na 1984 shi Houston ta ɗauka na ɗaya, Jordan na uku. A 1994 shi ne gwarzon kaka, shi ne gwarzon tsaro, shi ne gwarzon wasan ƙarshe, duk a shekara guda. Har yau ba wanda ya kamo shi a tare ƙwallo, 3,830. Mai horar da mu a sakandare kullum sai ya sa mu juyin ƙafar nan nasa a ƙarƙashin kwando, ka yi kamar za ka dama, ka koma hagu, har sai cinya ta ɗauki zafi. In muka yi ƙorafin azumi sai ya ce Hakeem da azumi a bakinsa ya zama gwarzon watan Fabrairun 1995. Kobe da LeBron duka sai da suka je wurinsa koyon aikin ƙafa.

Kawun Samaru: Hajiya, kofunansa biyu ai Jordan ya tafi wasan besbol ne.

Maman Ihsan: Na farkon kaɗai, Kawu. A Maris 1995 Jordan ya dawo, Orlando ta fitar da shi, Houston kuma ta share Orlando 4 da nema.

Autan Hajiya: Ƙanina da ke gefena ya ce ku duka tsofaffi ne, shi Curry ya sani. Na karɓe wayata.