Shekarun da Canadiens ta yi tana shan kashi don ta gina yara: ya kuka ji da su?

Ɗan Maraɗi a Montreal

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Kanada. Ƙanena ya sauka nan watan jiya, ya ga rigar Canadiens rataye a bayan ƙofa, ya tambaye ni wace irin ƙungiya ce. Na ce masa a hokin ƙanƙara babu mai yawan kofinta, sau 24 ta ɗauki kofin Stanley, amma rabonta da shi tun 1993, kuma a 2022 ita ce kurar baya cikin ƙungiyoyi 32. Ya ce, to ta faɗa rukuni na biyu ke nan? Na ce a NHL, babbar gasar da take bugawa, ba a faɗuwa, wanda ya zo ƙarshe ma shi ke da babban rabo a ƙuri'ar zaɓen matasan 'yan wasa. Yaron nan ya yi dariya har da riƙe ciki, wai yau ya ga gasar da ake ba raggo lada.

Ni ma haka na ɗauka da farko. Abin da ya ja ni cikin wasan nan daren 24 ga Yunin 2021 ne. Ina kai wa mutane abinci a keke, na biyo ta kusa da Bell Centre, filin wasan Canadiens, sai na tarar babu hanya. Saboda korona mutum 3,500 kawai aka bari ciki, sauran gari duk suna waje. Ɗan wasanmu Lehkonen ya ci Vegas a ƙarin lokaci, cin da ya kai mu wasannin ƙarshe, wani dattijo da ban taɓa gani ba ya rungume ni da keken da abincin gaba ɗaya. Tampa Bay ta ci wasa 4 mu kuma 1 a wasannin ƙarshe, na ce ba komai, baɗi namu ne. Ashe baɗin nan wasa 22 kacal za mu ci cikin 82. Kyaftin Shea Weber bai sake wasa ba, gola Carey Price wasa biyar ya buga, Danault ya tafi Los Angeles. Ginin ya rufta a shekara guda.

To ina so waɗanda suka zauna cikin shekarun nan na sake gini su faɗi yadda suka ji, don in nuna wa ƙanen nawa ba ni kaɗai ke da wannan ciwo ba.

Direban Laval

Wa alaikumus salam Malam. Ni nawa ciwon na aljihu ne, kuma laifina ne. Ƙarshen 2021 na tara kuɗi na sayi riga ta gaske mai sunan Toffoli a baya, lamba 73. Wani fasinja ya gan ta a kujerar gaba ya ce, abokina, a lokacin sake gini ba a sayen rigar wanda ya doshi shekara 30. Na ce a raina me ya sani. Tsakiyar Fabrairun 2022 aka sayar da shi Calgary. Daga nan Chiarot ya tafi Florida, Kulak ya tafi Edmonton, shi kansa Lehkonen da ya sa aka rungume ka aka miƙa shi Colorado, ya je ya ɗauki kofi da su a bazarar. Rigar tana nan, da ita nake share ƙanƙarar ƙofar gida.

Amma da yake ni ɗan kasuwa ne tun daga gida, a hankali na fara jin daɗin kallon Kent Hughes. Mutumin nan dillalin 'yan wasa ne kafin a ba shi manajan ƙungiya a Janairun 2022, kuma dillancin bai sake shi ba. Ku dubi cinikin Sean Monahan. Kowace ƙungiya tana da iyakar albashin da ba ta isa ta tsallake ba, Calgary ta matsu tana neman inda za ta sauke kaya, wato shi Monahan da albashinsa. Hughes ya ce zan karɓa, amma ku haɗo min da gurbinku na zagayen farko a zaɓen matasa. Aka ba shi. Monahan ya warke ya dawo da kyau, a Fabrairun 2024 ya sayar da shi Winnipeg, ya sake karɓar wani zaɓen zagayen farko. An biya ka ka ɗauki kaya, ka sayar da kayan, ka ci riba ta biyu. Ko a Kantin Kwari sai an sara wa mai wannan ciniki.

Maman 'Yan Biyu

Ni fa ban shigo harkar nan don so ba, yarana suka ja ni. Ɗayan tagwayen ya nace sai ya yi hoki kamar 'yan ajinsu, sai ga ni ƙarfe shida na safe ranar Asabar a filin unguwa, cikin bargo, da shayi a fulas, ina ɗaure masa takalmin da yatsuna ba sa ko jin igiyar. Ƙaramin jiki gare shi, duk ya fi kowa gajarta a ƙungiyarsu, kuma ya san haka. Akwai ranar da ya dawo ya jefar da sandar ya ce shi ya bari.

Ana cikin haka aka sallami kocin Canadiens Ducharme a Fabrairun 2022, aka ɗauko Martin St. Louis. Iyayen da muke zama tare a benci suka yi ta tsaki, wai mutumin da ƙungiyar yara irin namu yake horarwa, ta ɗansa, shi za a ba Canadiens? Sai wata uwa ta ba ni tarihinsa: gajere ne, babu ƙungiyar da ta zaɓe shi lokacin yana matashi, amma a 2004 ya ɗauki kofi da Tampa Bay, aka kuma ba shi gwarzon gasar. Na zo gida na faɗa wa ɗana.

Abin da muka gani da idonmu shi ne Cole Caufield, shi ma ɗan ƙaramin. Kafin St. Louis ya zo ci ɗaya ya yi a wasa 30, har an taɓa mayar da shi Laval, ƙaramar ƙungiyar Canadiens. Bayan zuwansa ya ci 22 a wasa 37. Yaro ɗaya, sanda ɗaya, shekara ɗaya. Da ka dubi fuskarsa a talabijin ka san tsoron yin kuskure ne aka cire masa. Ni a wurina sake ginin ke nan, sauran lissafin albashi da zaɓe na bar wa su Malam Direba. Ɗana bai bari ba, kuma yanzu hoton Lane Hutson, wani ɗan ƙaramin na Canadiens, ne a bangon ɗakinsu.

Bakanon Edmonton

Hajiya, Allah ya raya su. Amma bari in ɗan zuba muku ruwan sanyi, don mu nan mun riga ku shan wannan magani, kuma namu ya fi ɗaci. Na zo Edmonton karatu ƙungiyar garin, Oilers, na tsakiyar abin da mutanen garin ke kira shekaru goman duhu. Daga 2007 zuwa 2016 ko sau ɗaya ba su shiga wasannin neman kofi ba. A ciki sun yi zaɓen farko har sau huɗu: Taylor Hall a 2010, Nugent-Hopkins a 2011, Yakupov a 2012, McDavid a 2015. Duk bazara sai ka ji an ce yaran sun iso. Duk Disamba sai ka ga yaran suna kallon ƙasa.

Ina aiki a gidan mai lokacin, akwai wani tsoho mai zuwa sayen kofi kullum da asuba. Shi ya ce min matsalar ita ce an tara samari masu ci, ba masu tsaron baya, ba tsayayyen gola, ba manyan da za su nuna musu hanya, ga koci ana canzawa kamar riga. Yakupov bai yi komai ba ya koma Rasha. Hall aka musanya shi da ɗan baya Adam Larsson a 2016, ya je New Jersey ya zama gwarzon gasar a 2018. Da ƙuri'ar 2015 ba ta faɗo mana da McDavid ba, Allah kaɗai ya san inda muke. Kuma da McDavid ɗin da Draisaitl, mun je wasan ƙarshe a 2024 da 2025, Florida ta mayar da mu hannu rabbana sau biyun. Don haka idan kun ce kun gama gini ni ba na musu, sai dai ku san rufin yana da nisa.

Ɗalibi mai zaman sama

Ni ina cikin Bell Centre daren 7 ga Yulin 2022, daren zaɓen matasa da Canadiens ke da zaɓen farko, can saman da 'yan wasa ke zama kamar tururuwa. Abokin ɗakina ne ya samo tikiti. Rabin mutanen da ke kusa da mu Shane Wright suka zo ji, wasu har sun rubuta sunansa a kwali. Da Hughes ya kira Juraj Slafkovsky, ɗan Slovakiya, sai wurin ya rabu, ga masu tafi ga masu ihun ƙi. Wani a gabana ya ninke kwalinsa ya zauna a kai. Wright sai na huɗu ya tafi, Seattle.

Shekarar farko na bi sahun masu zagi, ba zan ɓoye ba. Ci huɗu a wasa 39, sannan rauni ya kwantar da shi a Janairu. Har yau ina ganin da an kai shi Laval ya yi shekara guda da ya fi masa, yaro ɗan 18 ne, ga filin nan ya fi na Turai ƙunci, kafin ya ɗaga kai an make shi. Amma kaka ta biyu da aka haɗa shi layi ɗaya da Suzuki da Caufield ya ci 20, ƙungiya ta ba shi kwantiragin shekara takwas. Na daina magana.

Abin da ke ba ni dariya, duk hayaniyar daren nan a kan na ɗaya aka yi. Washegari, ba kowa a kujerun sama, aka kira Hutson a lamba 62, da zaɓen da aka karɓo daga Edmonton a cinikin Kulak. An bar shi ya kai nan ne don an ce ya yi ƙanƙanta. A 2025 shi ya ɗauki kyautar sabon ɗan wasa mafi ƙwazo, da maki 66 yana ɗan baya. Mun gode, Yaya Bakano.

Bakanon Edmonton

Allah ya isa ban ce ba, amma na ji.

Bazazzagi a Ottawa

Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Duk mai ce muku wasan nan ba namu ba ne, ku ce masa ɗan Najeriya na farko da ya buga NHL, Rumun Ndur, a Zariya aka haife shi. Buffalo ce ta zaɓe shi a 1994. Ku ci gaba.

Kawun Yara

Ni ban yarda da wannan tsari ba, kuma shekaru uku ban canza ba. A ƙwallon ƙafa idan ka yi sakaci ka faɗi, kowane wasa da rai a cikinsa. Nan kuwa na zauna da mutane a watan Maris suna addu'ar ƙungiyarsu ta sha kashi don rabon ƙuri'a ya ƙaru. Wani abokin aikina ya yi fushi don mun ci wasa! Na ce to ni me na zo kallo?

Sai na koma Laval. Jirgin ƙasa ya sauke ka Montmorency, ka taka zuwa filinsu, Place Bell, kuɗin shiga bai kai na Bell Centre ba ko kusa, na kan kwashi 'ya'yan ƙanwata mu tafi. A can babu mai wasa da wasa, kowane yaro yana neman a kira shi sama, kuma kana jin ƙarar sanda da ta jikin katako kamar a kunnenka. Na yarda makin Canadiens ya hau kaka bayan kaka, 55 zuwa 68 zuwa 76 zuwa 91, ba a musu da lissafi. Na kuma yarda ba Suzuki kyaftin yana ɗan 23 dabara ce, don yaron ba ya hayaniya kuma ba ya fashin wasa. Amma shekarun da aka ce mu yi haƙuri, mai tikiti ne ya biya su.

Ɗan Maraɗi a Montreal

Kawu, gaskiyarka, ni ma na yi wannan addu'ar a 2023, kuma na ji kunyar kaina. Sai dai ranar 14 ga Afrilun 2025 na manta da komai. Ivan Demidov ya sauka daga Rasha kwanaki kaɗan kafin nan, wasansa na farko da Chicago, tun kashin farko ya bayar aka ci, ya kuma ci da kansa. Ina kallo a wayata a ɗakin hutu wurin aiki, na yi ihun da ya sa shugabar sashenmu ta leƙo. Mun shiga wasannin neman kofi, Washington ta fitar da mu a wasa biyar, amma wasa na uku da muka ci 6 da 3 a gida na ji titi ya koma irin na daren keken nan. Da aka ba da zaɓen zagayen farko biyu a Yunin 2025 aka ɗauko Noah Dobson daga Islanders, alama ce an daina tara yara, an fara saye.

Ƙanen nawa ya karanta duk abin da kuka rubuta. Har yanzu yana cewa gasar raggaye ce, amma ya tambayi nawa ne tikitin Laval. Kawu, in za ku je Asabar ta farko ku yi mana magana. Malam Direba, in rigar Toffoli ba ta yage ba a ara masa.

Direban Laval

Hannu ɗaya ya tafi, amma ya zo ya karɓa.