Haɗa kan yaran shagon ɗinki a watan azumi: abin da teloli suka ce

Tsofaffin teloli da suka tattauna wannan batu sun fi tsayawa a kan kuɗi, domin a nan rigima take farawa. Shawararsu ita ce a yanke ladan kowane aiki tun kafin watan ya kama: nawa ne yanka, nawa ne haɗa kaftani, nawa ne aikin wuya da guga, a rubuta a liƙa a bango. A biya duk ranar Alhamis, ba "sai bayan Sallah" ba. Yaron da yake bin maigida bashi, shi ne ke karɓar ɗinki a ɓoye.

Littafin shago ya zama guda ɗaya. Awo, kafin alƙalami, ranar karɓa da sunan wanda aka ba aikin, duk a shafi ɗaya, a kuma maƙala ƙyallen yadin da allura. Idan shadda ta ɓaci, littafi zai nuna inda aka yi kuskure, ba sai an yi ta nuna wa juna yatsa ba.

Kan gyaran kuskure kuwa bakinsu ya zo ɗaya: a ja yaro gefe, kada a tsawata masa gaban mai kaya.

Wasu sun ce a daina karɓar sabon ɗinki daga 15 ga wata, wasu suka ce 20. Ya danganta da yawan kekuna da samun wuta. Aikin dare a yi shi karɓa-karɓa, har da ɗan maigida, a kuma yi buɗa-baki a faranti ɗaya.