Neman shawara: ƙashin ƙafar ƙanena ya ƙi haɗewa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Ƙauran Namoda nake. Ƙanena ɗan kabu-kabu ne, mota ta buge shi, ƙwaurinsa ya karye. Mai ɗori ya ɗaure da karare, yau wata 9 ke nan, in ya taka sai ka ga wurin yana lanƙwasa. Hoton asibiti ya nuna giɓi kamar faɗin yatsa uku. Likita ya ce a ɗebo ƙashi daga ƙugunsa a cike, ko a sa ƙashin haɗi na kamfani. Inna ta ce ba za a yanka mata ɗa wuri biyu ba. Wanne ya fi?

Wata ma'aikaciyar jinya daga Gusau:
Allah Ya ba shi lafiya, Yaya. Ƙashin haɗin nan ba roba ba ne. Da sinadaran kalsiyam da fosfet ake yin sa, irin waɗanda ke cikin ƙashinmu, kuma yana da ƙananan ramuka kamar soso. Aikinsa kamar rumfar da kabewa ke bi ne: jijiyoyin jini su kutsa cikin ramukan, sabon ƙashi ya bi bayansu. Sai dai ba shi da rai. Na ƙugu kuwa da rayayyun ƙwayoyinsa yake zuwa, shi ya sa likitoci suka fi aminta da shi, kuma in giɓi ya yi faɗi sukan gauraya biyun. Amma wurin yana fitar da mugunya? In akwai, ba a dashe a kanta. Sai an kankare ruɓaɓɓen ƙashin, a cusa simintin ƙashi mai maganin ƙwayoyin cuta na mako 6 zuwa 8, sannan a cire a dasa.

Wani daga Talata Mafara:
Ni an ɗebi na ƙuguna. Gaskiya makonnin farko ƙugun ya fi ƙafar ciwo, kwanciya ta ɓangaren ma gagara ta yi. Yanzu da ƙafata nake zuwa gona. Ku lallashi Inna. In ƙanen naku yana shan taba ya bari yau, tana hana ƙashi kamawa.

Wani malamin makaranta:
Ku tambaya kan ƙarfen Ilizarov, mai zobba a wajen ƙafa, wanda ke jan ƙashi milimita 1 kowace rana har giɓin ya cike. Yana cin watanni. Ku nemi takardar turawa zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Malama, akwai wata 'yar ƙofa a wurin karayar da ke tsiyayar ruwa rawaya, kullum auduga muke sawa, mun ɗauka ba komai ba ce. Gobe ita zan fara gaya wa likita.