Na canza bututun iskar Hilux ɗina, mota ta ƙi zama a sulo

Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masana mota ku taimaka min. Hilux gare ni 2012 mai fetur, injin 2.7, ƙanena ya aiko min daga Dubai da irin bututun nan mai filta kamar mazurari wanda wai yake jawo iska mai sanyi. Ranar Asabar muka cire akwatin iya kilina (mai tace iskar inji) na asali ni da wani bakanike a Kofar Ruwa, muka ɗaura sabon bututun, muka mayar da sensar MAF, wato mai auna iskar da ke shiga inji.

Ƙarar kam ta yi daɗi wallahi, amma tun daga nan fitilar cek injin ta kama, in na tsaya a danja sai ta dinga karkarwa kamar za ta mutu, jiya ma a go-sulo ɗin Kurna sau biyu tana mutuwa. An saka kwamfuta ta nuna P0171, wai iska ta fi mai yawa. Na ƙara ɗaure kilif, na wanke sensar, na cire kan batir, shiru.

Shin faɗin bututun ne ya rikita sensar, ko iska ce ke shiga ta wani wajen? Kuma filtan a buɗe yake cikin bonet, anya zai jure ƙurar hunturun Kano? Tsohon akwatin dai ban yar ba.