Lokacin bidiyon da na ɗauka a Saudiyya ya koma baya da awa 3

Assalamu alaikum. Na kwashe hotuna da bidiyon Umara daga wayata ta Android zuwa manhajar da nake tsara hotuna da ita a kwamfuta. Hotunan duk sun zauna daidai, amma bidiyon MP4 sun koma baya da awa 3. Wanda na ɗauka a Harami bayan Asuba, ƙarfe 6:10, yana nuna 3:10. Na ƙarfe 1:30 na dare kuwa ya faɗa jakar ranar da ta gabata, ya rabu da hotunan da aka ɗauka tare da shi. Wannan ne ya fi ci mini rai, don tsarin tafiyar duk ya hargitse. Waɗanda na ɗauka a Kano kafin mu tashi, awa 1 kawai suka yi baya.

Da na duba da ExifTool (manhajar karantawa da gyara bayanan da ke cikin fayil), lokacin ɗauka da ke rubuce a bidiyon (CreateDate) a UTC yake, wato agogon bai-ɗaya na duniya, shi kuwa na hotunan (DateTimeOriginal) agogon wurin ne. Na gwada zaɓin ExifTool na -api QuickTimeUTC, sai ya mayar da komai agogon Najeriya: na Kano sun gyaru, na Makka da Madina saura awa 2. Ƙara awa 3 gaba ɗaya kuma yana ɓata na Kano.

Sunan kowane fayil yana ɗauke da lokacin gaskiya. Wane umarnin ExifTool zan bayar ya ɗauko lokacin daga sunan, ya rubuta shi tare da +03:00 (tazarar agogon Saudiyya da UTC) inda manhajar za ta karanta? Na gode.